Amsoshin Tambayoyinku: Fim Ya Juya Tatsuniya, Ɓarna Ce Ko Gwaninta?

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a nan Malali, Kaduna. A hutun da ya wuce babban ɗana ya kunna mana wani fim mai suna The Brothers Grimm, muka zauna har da ƙannensa muka kalla. Gaskiya abin bai kwanta mini ba. Labaran da muke karanta wa yara a aji, irin na yarinya mai jan mayafi da na yaran nan biyu da suka ɓace a daji, duk an tattaro su an cakuɗa, ba kai ba gindi. Ƙaramar 'yata kuwa ranar a ɗakina ta kwana don tsoro. Shi yaron cewa yake yi gwaninta ce, wai ma me ya hana 'yan fim ɗin Hausa su yi wa Gizo da Ƙoƙi haka. Maigidana kuma ya ce tatsuniya ai ƙarya ce tun asali, don an ƙara mata wata ƙaryar ba a yi asarar komai ba. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu, Malali, Kaduna.

AMSA: To, Malama. In a kan wannan fim ɗin ne shi kaɗai, ni ina bayanki, aikin bai nuna ba. In kuwa a kan ko ya dace a taɓa tatsuniya a juya ta ne, to ɗanki ya fi ki hujja. Maganar maigida sai mun gangara ƙasa, don tana da baki biyu.

Ga waɗanda ba su kalla ba, fim ɗin ya fito a 2005. Terry Gilliam ne darakta, Matt Damon da Heath Ledger suka fito a matsayin 'yan'uwa biyu, Will da Jake. An kafa labarin a ƙasar Jamus farkon ƙarni na 19, lokacin da sojojin Faransa suka mamaye ta. 'Yan'uwan nan 'yan damfara ne. Su shiga ƙauyen da ake jin tsoron mayya, su sa yaransu su yi shigar mayyar, sannan su zo su yi kamar sun kashe ta a biya su. Da asirinsu ya tonu, wani janar na Faransa ya ce ko dai a kashe su, ko su tafi wani ƙauye da ake kira Marbaden su gano abin da ke ɗauke 'yan mata. Can suka tarar wannan karon ba wasa ba ne. Wata sarauniya ce mai shekara 500 kwance a saman hasumiya a tsakiyar daji, tana neman jinin 'yan mata 12 don ƙuruciyarta ta dawo.

Mutanen da aka ari sunansu kuwa ba su taɓa damfarar kowa ba. An haifi Jacob Grimm a 1785, ƙanensa Wilhelm a 1786. Malaman harshe ne, sun yi aikin ɗakin karatu a garin Kassel, su ne kuma suka aza harsashin babban ƙamus na Jamusanci. Littafinsu na tatsuniyoyi ya fara fitowa a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. Wannan gyaran shi nake so ki duba, Malama, don ya shafi abin da kike karanta wa ɗalibanki. A bugun farko, matar da ta so a kashe Snow White uwarta ce ta cikinta. Daga bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, don ba su so a ce uwa ta aikata haka. Yaran nan biyu da kika ambata, su ma da farko uwarsu ce ta matsa wa uban a zubar da su a daji, sai daga baya aka ɗora wa matar uba laifin. Yarinya mai jan mayafi kuwa, a wajen marubucin Faransa Charles Perrault, wanda ya buga nasa a 1697, kyarkeci ya cinye ta ne labari ya ƙare nan. Su Grimm ne suka kawo maharbin da ya farke cikin kyarkecin ya fito da ita da kakarta. Takalmin gilashin Cinderella na Perrault ne, a wajen su Grimm na zinariya ne, kuma 'yan'uwanta sai da suka yanke yatsa da diddige don ƙafarsu ta shiga. Wanda ke cikin littafin ajinku an tace shi an sake tacewa. Saboda haka in kin ce an ɓata na asali, sai in tambaye ki wanne daga ciki.

Mu ma nan gida haka abin yake, sai dai ba mu cika lura ba. Ki tuna yadda kakarki ke ba da labarin Gizo da hankaki da ɓauren tsakiyar ruwa, ki gwada shi da yadda goggonki ke bayarwa. Wata ta ƙara waƙa, wata ta rage, wata ta sa Gizo ya sha duka, wata ta bar shi ya tsira. Babu wadda aka taɓa kai ƙara wajen mai unguwa. Da Frank Edgar ya tattara Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta masa da ajami, kowa yadda ya ji a garinsu, shi ya sa za ki ga labari ɗaya ya zo ta fuska fiye da ɗaya. Da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, don 'yan makaranta ya yi, ya zaɓa ya tsara yadda zai shiga aji. Duk wanda ya ba da tatsuniya ya sa hannunsa a ciki.

Babban shaidana kuwa Alhaji Abubakar Imam ne. Kin san tatsuniyar Ruwan Bagaja ta ɗakin kaka: kishiyoyi biyu, Mowa da Bora, aka tura 'yar Bora ta je Ruwan Bagaja ta wanko shimfiɗa, ta yi ta gamuwa da abubuwan al'ajabi a hanya tana yi musu ladabi, ta komo da dukiya. 'Yar Mowa ta ce ita ma sai ta je, ta tafi da rashin kunya, ta komo da abin da ta komo da shi. To da aka yi gasar rubutun Hausa ta 1933, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, me Imam ya yi? Ya ɗauki sunan ruwan, ya ajiye kishiyoyi da 'ya'yansu gefe, ya ƙirƙiro Alhaji Imam mai yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, ya haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta cutar juna gari zuwa gari. Daidai sigar da ɗanki ke so ke nan: tsohuwar tatsuniya ta koma labarin kasada. Tun daga lokacin ake karanta littafin, ban ji wanda ya ce ya kashe 'yar Bora ba. Tana nan a bakin tsofaffi.

A Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, ya yi abin da ya fi haka. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga labaran Indiya da Farisa inda aku mai ba da labari ya samo asali, ya kuma ɗebo daga su Grimm ɗin nan da muke magana a kansu. Labarin Kalala da Kalalatu misali ne. A littafin Grimm akwai wata kuku mai suna Gretel da ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa har ya ruga, sannan ta ce wa maigidan baƙo ne ya gudu da kajin. Imam ya mai da kuku matar aure, ya zaunar da labarin a gidan Bahaushe mai son baƙi, har yau mutane da yawa za su rantse miki a zauren wani ƙauyen Katsina abin ya faru. Imam ya canja kusan komai, amma bai taɓa abin da ke sa a yi dariya ba: mutum yana bin baƙonsa da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko ɗaya, shi yana nufin kaza, baƙo yana nufin wani abin daban.

A nan ne fim ɗinku ya faɗi. Kowace tatsuniya tana da ƙashin baya, abin da in an zare shi ba ta tsayuwa. A ta 'yar Bora, jarrabawa ce: hanya ɗaya, tambaya ɗaya, yara biyu, hali ya raba su. A ta yaran da aka zubar a daji, yunwa ce da ta kai iyaye ga yasar da 'ya'yansu, da kuma yadda ƙanwa ta ceci wanta. A ta mai jan mayafi, gargaɗi ne kan mai daɗin baki a hanya. The Brothers Grimm bai ɗauki ko ɗaya daga waɗannan ba. Alamomin kawai ya tsinto. Ga jan mayafi ya wuce, ga gutsuren burodi a kan hanya, ga doguwar suma daga hasumiya, ga madubi, ga kwaɗo. Yarinyar da ta sa jan mayafin minti kaɗan ta yi aka ɗauke ta, ba mu san ta ba balle mu ji tausayinta. Kamar tela ne ya yanko aljihu daga wannan riga, wuya daga waccan, hannu daga wata, ya harhaɗa ya ce ga babbar riga. Kowane ƙyalle mai tsada ne, amma ba mai iya sawa ya je Idi. Wasu kayan ma ba na su Grimm ba ne, don waken tsafin da aka buɗe fim ɗin da shi daga tatsuniyar Ingila ya fito.

Abin haushin shi ne waken nan shi ne wuri mafi kyau a fim ɗin. Tun suna yara aka aiki Jake ya sayar da saniya a samo kuɗin maganin ƙanwarsu, ya dawo da wake wai na tsafi, yarinyar ta mutu. Daga ranar Will ya daina yarda da duk wani abin al'ajabi, shi kuwa Jake ya kasa dainawa. Wannan labari ne na gaske, mai nauyi, da an bi shi da an sami fim. Sai aka binne shi a ƙarƙashin ihun wani Ba'italiye mai azabtar da mutane da barkwancin janar ɗin Faransa, waɗanda ba su da aiki sai cika wuri. Ba zan hana darakta haƙƙinsa ba, dajin ya yi kyau, itatuwa masu tafiya da saiwoyinsu sun ba da tsoro yadda ya kamata. An kuma san cewa an yi ta saɓani tsakaninsa da masu kuɗin fim ɗin, har aka sauya mai ɗaukar hoto ana tsakiyar aiki. Amma mai kallo ba ruwansa da abin da ya faru a bayan fage. An kashe kimanin dala miliyan 88, abin da aka samu a duniya duka bai wuce miliyan 100 da 'yan kai ba.

Ki gwada shi da Maleficent na 2014, wanda Angelina Jolie ta fito a ciki. Shi ya fi wancan juya labari nesa ba kusa ba. Muguwar da ta la'anci jaririya ita ce tauraruwa, uban yarinyar shi ne maci amana da ya yanke mata fukafukai don ya sami sarauta, kuma sumbar da ta tada gimbiya daga barci ba ta ɗan sarki ba ce, ta muguwar ce da ta zo ta ƙaunace ta. An kifar da tatsuniyar baki ɗaya, amma wanda ya kifar ya san me yake so ya faɗa, shi ya sa za ki iya bin sa daga farko har ƙarshe. Ina da ƙorafi a kan wannan yayi na nema wa kowane mugu uzuri. Yaro yana da bukatar ya san akwai Dodon da Dodo ne kurum, ba sai an binciko wanda ya ɓata masa rai yana ƙarami ba. Sai dai wannan saɓanin ra'ayi ne tsakanina da fim ɗin. The Brothers Grimm ko ra'ayin da za a saɓa masa bai kawo ba.

Batun ƙaramar 'yarki ba na gardama ba ne. A Amurka inda aka fitar da shi an sa masa alamar cewa bai dace da yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da lurar iyaye. Akwai wurin da doki ya haɗiye yarinya, akwai wurin da laka ta fito daga rijiya ta shafe wa wata fuska. Za a ce ai tatsuniyoyinmu ma Dodo na haɗiye mutane, kura na cin 'ya'yan wani. Haka ne, amma yaron da ke ji da kunne shi yake ƙera Dodonsa, kuma ba ya ƙera wanda ya fi ƙarfin zuciyarsa. Ga shi jingine da cinyar mai ba da labarin, in ta ga idonsa ya firfito sai ta sassauta murya ko ta jefa waƙa a amsa tare. Talabijin ba ya duban fuskar kowa.

Yanzu sai maigida. Ya yi gaskiya cewa tatsuniya ba ta taɓa da'awar ita gaskiya ce ba. Da kanta take sanarwa: a buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, a ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Wannan ma ya isa amsa ga masu ɗaukar kowane labarin aljanu da dodanni kamar wani abin da ake kira a yi imani da shi. Inda ban bi shi ba shi ne cewa ba a asarar komai. A gaishe shi, a tambaye shi a ina ya fara jin cewa wanda ya raina tsohuwa a bakin rafi zai yi nadama, ko cewa haɗama ce ke kai kura rami. Ina zaton ba a littafi ba ne. In yaro bai taɓa jin labarin daga tushe ba, sai gutsattsarinsa a fim, an yi asara, ko da kuwa ba a ga gawa ba.

Shi kuma ɗanki da ke tambayar me ya hana 'yan fim ɗinmu, a gaya masa an yi, tun bai zo duniya ba, wani ma a garinku. A shekarun 1980 tashar NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin, marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a 2017, yana cikin manyan 'yan wasan. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar da Daskin da Riɗi, daga tatsuniyar saurayin nan da ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta san sunansa, 'yan mata suka wuce tsohuwa mai neman a cuɗa mata baya, sai wadda aka raina ce ta tsaya, ita ta sami sunan. Kamfanin nan ne kuma ya yi Sangaya a 1999, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, labarin ɗan sarki da baiwar gidan sarauta, wanda duk mai jin tatsuniya zai gane jinin Bora da Mowa a cikinsa. Kasuwa ta karɓe su. Abin da ya biyo baya shi ne masana'antar ta riƙe waƙa da rawa da kayan sarauta, ta saki tatsuniyar.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne kuɗi, wai siddabarun kwamfuta na da tsada, kuma Dodon da aka yi da arha dariya yake ba yara. Akwai gaskiya a ciki. Amma Kirikou na 1998, zanen da Bafaranshe Michel Ocelot ya yi daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, bai kashe ko kusa da abin da su Gilliam suka kashe ba, kuma ya fi nasu shiga zuciya, don an zauna an rubuta shi. Ni tsorona ba kuɗin ba ne, tsorona abin da za a yi wa Gizo ne. Na san halinmu. Za a gyara masa tsamin bakinsa, a ba shi budurwa su yi rawa a lambu, a ƙarshe kuma a sa shi ya tuba yana kuka a gaban liman don a ce fim ya faɗakar. Gizo ba ya tuba. Ya cuci giwa, ya cuci dorina, ya ci abincin Ƙoƙi ya yi rantsuwa, gobe ya sake. Yara suna sonsa ne don ƙarami ne mai kayar da manya da dabara, suna kuma koyon gane irinsa in sun girma. Wanda zai kai shi Kasuwar Barci ya ba shi waya da asusun banki, ya sa giwa ta zama ɗan kwangila, bismillah, ina cikin masu sayen tikiti, muddin ya bar masa halinsa. Ga Ta-Kitse ma, amaryar da ba ta shiga rana don kada ta narke, da kishiyoyin da suka matsa sai ta fita. Har yau tana jiran wanda zai ɗauke ta da gaske.

Shawarata a aikace, Malama, ki kiyaye jeri: kunne tukuna, sannan ido. Duk labarin da za su gani an juya a fim, su fara jin sa a bakinki ko bakin kakarsu, yadda in sun ga canjin za su san canji ne, har su yi gardama a kai kamar yadda kuka yi. A aji ma kina iya karanta musu mai jan mayafi ta Perrault da ta Grimm a jere, ki tambaye su wacce ta fi, kuma don me. Ƙaramar kuma a ɗaga mata wannan fim ɗin har ta shiga sakandare.

Babban kuwa, tunda shi ya ɗauko maganar, kada a bar shi a kujerar 'yan kallo. Takardun ajamin da aka rubuta wa Edgar suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, Gidan Arewa ma yana kan titin Rabah, ba nisa da ku. Kafin ya kai can, ya samu tsohuwa ɗaya a dangi ta ba shi Gizo da hankaki, ya juya shi yadda yake so a shafi biyu, ya aiko mana a wannan fili mu gani.